Citta a Kachia: A Sayar ko a Ajiye?

A Kachia hasashen gobe ne ke sa manomi ya fito da buhun citta kasuwa ko ya kulle shi a ɗaki.

A daminar 2023 cutar ruɓewa ta cinye gonakin citta a Kachia, Jaba da Kagarko, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Masu busasshiyar citta a ajiye da dama suka ƙi sakinta suna jiran ƙari, dillalai na ta zarya a ƙofofinsu. Wasu kuwa iri suka riƙe, domin sun hango zai yi wuyar samu lokacin shuka.

Sai dai jira na mai hali ne. Ƙaramin manomin da bashin taki da kuɗin makarantar yara suka taso wa, tun da kaka ya rabu da tasa.