KASET ƊIN DA KE ƘARƘASHIN GADO

(Jawabin da wani ɗan kwamiti ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a Sabo, Ibadan)

 



Da sakatare ya ce ni zan yi magana yau, na ce masa ni fa ba malami ba ne, karatuna na Islamiyya ne, sana'ata awon wake da masara a Bodija. Ya ce in faɗi abin da ke raina kawai. To, maganata a kan kallon fim ce. Na ga wasu dattawa sun ɗaure fuska. Ku yi mani haƙuri har ku ji ƙarshen zancen.

Kwanakin baya muna gyaran ɗakin mahaifiyata, sai muka jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, cike da kaset-kaset na bidiyo. Autana ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa, ya ce, "Baba, wannan na mene ne?" A jikin kaset ɗin akwai rubutun hannuna: walimar dawowar Alhaji daga Makka, 1993. Alhaji mahaifina ke nan, Allah Ya jiƙansa. Yaron nan bai taɓa ganinsa ba. Na yi kwana uku ina neman na'urar da za ta kunna mana shi, daga nan Sabo har Dugbe da Ogunpa, kafin na samu wajen wani tsohon mai gyara. Da aka buɗe, zaren duk ya yi fumfuna fari fat. Mai gyaran ya goge iya ƙoƙarinsa. Muka ga Alhaji ya ɗaga hannu yana addu'a kamar minti biyu, sai hoto ya dagule, murya ta shaƙe, shi ke nan. Wallahi ranar sai na ji kamar a lokacin aka yi mani rasuwar.

Abin da ya sa na tsaya gabanku ke nan. Amma bari in ɗan koma baya, saboda matasan da ba su ga zamanin ba.

Lokacin muna yara kallo sai a silima. Tsararrakina sun tuna Scala, sun kuma tuna bulalar da muka sha a makaranta saboda ita. Fim ɗin Indiya muke bi, irin su Sholay na 1975, ba ma jin yarensu amma mu fito muna musu a kan abin da Amitabh ya ce da Dharmendra. Sannan bidiyo ya shigo gidaje. Da farko na Indiya ne da na 'yan Caina, da wasannin talabijin irin na Samanja da Ƙasimu Yero da wani ya naɗo daga Kaduna. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko a kaset, shekara biyu kafin Living in Bondage na 'yan kudu. Daga nan sai In Da So Da Ƙauna a 1994, Sangaya a 1999, Wasila a 2000, ga kuma barkwancin marigayi Ibro.

Mu a nan kurmi, direbobin manyan motoci ne ke kawo mana su daga Kano, tare da buhunan wake. In sabon kaset ya iso, kafin la'asar unguwa ta sani. Gidan da ke da bidiyo ba ya rufe ƙofa. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarmi, mata gefe guda, yara a gaba, tsofaffi a kan kujera. In an ɗauke wuta a yi ta salati, a jira. In zare ya naɗe a ciki, a kira mai hannu ya warware shi a hankali.

To, abin da nake so ku lura da shi, ba kallon kaɗai ake yi ba. Ana gamawa sai hira. Wannan ta ce kishiyar ce da laifi, wancan ya ce a'a, mijin ne bai yi adalci ba. Yaro ya ji wata kalma bai gane ba, sai a mai da kaset baya, kakarsa ta fassara masa. Yaranmu haifaffun nan, da Yarbanci suke wasa a waje, da Turanci suke karatu a boko. A gaban bidiyo da yawansu suka fara ganin yadda ake durƙusawa a fada, yadda ake kai lefe, yadda Bakano ke lanƙwasa harshe. Ni shaida ne, babbar 'yata a nan Hausarta ta miƙe.

Ban ce fim ba shi da aibu ba. Rawa da waƙar da suka yi yawa sun dami malamai, har gwamnatin Kano ta dakatar da harkar a ƙarshen 2000, ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. Amma a wancan lokaci in abin kunya ya fito, akwai babba a zaune. Gyaran murya ɗaya ya isa, a tura kaset gaba.

Yau fa? Kaset ya ba faifan CD wuri, faifai ya ba waya wuri. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo, ya daina tun 2016. Fim ɗin Hausa kuwa bai taɓa yawa kamar yanzu ba: ga Arewa24 tun 2014, ga YouTube. Amma ku shiga gidajenmu da dare. Mutum shida a ɗaki ɗaya, kowa da wayarsa, kowa ya toshe kunne. Ba mai tambaya, ba mai bayani, ba mai gyaran murya. Kallo ya ƙaru, hira ta mutu.

Jama'a, Sabon nan tun 1916 aka kafa ta. Fiye da shekara ɗari ke nan. Ina tarihinmu yake a ajiye? Kaɗan ne a takarda. Mai yawa yana cikin irin kwalin nan: naɗin sarauta, Maulidi, saukar karatu, tafsirin malaman da suka riga mu, bukukuwa da sunaye. Zaren kaset kuwa ba a yi shi don ya dawwama ba, balle a garin damshi irin Ibadan. Kowace damina akwai fuskar da ke gogewa.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu uku.

Na farko, kowa ya koma gida ya duba. In ka samu kaset, ka ɗauke shi daga ƙasa, ka jera shi a tsaye a wuri busasshe, nesa da rana da sifika, don maganaɗisunta na ɓata shi. In ka ga fari-fari a zaren, kada ka sa shi a na'ura, zai lalace ya kuma ɓata na wasu. Ka kai wa mai gyara.

Na biyu, ƙungiya ta nemi na'ura ɗaya mai lafiya, a ɗora wa matasanmu masu sanin kwamfuta aikin juye su. A fara da na tarihin unguwa kafin fina-finai. Kowane a ajiye shi wuri biyu, a kuma zaunar da tsofaffi su faɗi sunayen waɗanda ke ciki, tun suna raye. Ni na ɗauki nauyin kuɗin na'urar.

Na uku, mu ware dare ɗaya a wata, a shimfiɗa tabarmi a nan harabar, malamai su duba abin da za a nuna, a kalla tare da yara, in an gama a yi hira da Hausa.

Ni dai minti biyu na tsira da su. Autana ya kalle su ya fi sau goma, har ya ce hancinsa irin na Alhaji ne. Wataƙila a gidanka awa uku ne cur ke jiranka. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kada mu bari wata daminar ta same su a ƙasa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe mani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.