KAYA ƊAYA, HANYA DABAN-DABAN

Jawabin da magatakardan reshe ya yi wa 'yan kasuwa a taron mako, game da na'urar ajiyar kuɗin kirifto.



An umurce ni in yi muku bayani a kan 'yar na'urar nan da samari su ke kira walat, wadda a ke tsare kuɗin kirifto da ita. Dalili kuwa, yanzu akwai waɗansu cikinku da su ke biyan kuɗin kayan da su ka saro daga waje da USDT, watau kuɗin da kamfanin Tether ya fitar a 2014, ya ɗaura darajarsa a kan dalar Amurka. Masu sayar da na'urar ba abin da za su faɗa muku sai, "Tana karɓar kuɗi iri dubbai." To, jama'a, a cikin dubban nan akwai naka? In akwai, ta wace hanya? Maganar ke nan.

Ku fara sanin wannan. Kuɗin ba ya cikin na'urar. Yana rubuce ne cikin wani babban littafin lissafi wanda kwamfutoci masu yawa su ke riƙe da shi tare. Littattafan nan kuwa da yawa ne, kowane da ƙa'idarsa, su a ke ce wa hanyoyi. Akwai hanyar Bitcoin da aka buɗe a 2009, da ta Ethereum ta 2015, da ta Tron, da ta Solana, da sauransu. Abin da na'urar ta ke riƙewa makullinka ne, da shi ta ke sa hannu a madadinka. Idan ba a koya mata ƙa'idar wata hanya ba, ba ta iya sa hannu a can, kome tsadarta.

Ga misali da ku ka sani. Tsohon layin dogo na Legas zuwa Kano ƙunci gare shi. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya fi shi faɗi. Buhun goro zai shiga kowane jirgi, amma taragon wannan layi ba ya hawa wancan. Haka USDT ya ke. Sunansa ɗaya, amma yana bin hanyar Tron, a rubuta TRC20, yana bin ta Ethereum, a rubuta ERC20, yana kuma bin ta BNB, a rubuta BEP20. Saboda haka in an ce na'ura tana karɓar USDT, rabin magana aka faɗa maka.

Su na'urorin ma ba ɗaya su ke ba. Kamfanin SatoshiLabs na birnin Parag shi ya fara fitar da irinta a 2014, ya sa mata suna Trezor. Ta farin nan, Model One, ba ta ɗaukar XRP, ba ta ɗaukar Cardano, ko Monero, ko Solana, alhali kuwa ƙanwarta Model T tana ɗauka. Gida ɗaya ne, amma kama da wane ba ta wane. Ledger ta Faransa kuma sai ka ɗora mata manhaja dabam domin kowace hanya, kuma tsohuwar Nano S ta 2016 cikinta ƙarami ne, manhajoji kaɗan su ke cika ta. Coldcard ta Kanada kuwa Bitcoin kaɗai ta sani, da gangan aka ƙera ta haka. Mai cinikin USDT in ya saye ta, ya sayi ado.

Akwai kuma wata dabara cikin kalmar "karɓa". Wani kuɗin za ka gan shi cikin manhajar kamfanin da ya ƙera na'urar. Wani kuwa sai ka haɗa ta da manhajar waɗansu mutane, kamar MetaMask, ko manhajar Monero ta kansu, kafin ka gan shi. Wanda bai san wannan ba sai ya buɗe ya tarad da wayam, cikinsa ya ɗuri ruwa, ya faɗa hannun 'yan damfara masu cewa za su taimake shi in ya faɗa musu kalmominsa na asiri. Kalmomin nan 12, ko 20, ko 24, su ne dukiyar. Ba a gaya wa kowa su, ko da ya ce daga kamfanin ya ke.

To yaya za ka gane hanya? Dubi adireshin. Na Tron da harafin T ya ke farawa. Na Bitcoin da 1, ko 3, ko bc1. Na Ethereum da 0x. Amma a nan rami ya ke, domin na BNB da na Polygon su ma da 0x su ke farawa, ido ba ya rabe su. Idan adireshin na'urarka ne aka yi kuskuren hanya tsakanin waɗannan, makulli na hannunka, sau da yawa a kan iya kaiwa ga kuɗin. Idan kuwa ka aika wa wata kasuwar musayar kirifto ta hanyar da ba ta karɓa, sai roƙo, watakila su dawo da shi bayan sun cire ladansu, watakila ya tafi ke nan. Abin da aka rubuta cikin littafin nan ba manajan banki mai soke shi, ba alƙali mai juya shi.

Kada kuma ku manta da kuɗin mota. Kowace hanya da kuɗin da ta ke karɓar lada da shi: Ethereum da ETH, Tron da TRX, hanyar BNB da BNB. Mutum ya kan tara USDT mai yawa, ranar biyan kaya ya kasa motsa ko sisi, don ba shi da ɗan kuɗin hanya.

Saboda haka ina roƙonku abu huɗu. Na fari, kafin ka sayi na'ura, rubuta sunan kuɗin da ka ke ciniki da shi da hanyarsa, ka duba jerin da kamfanin ya wallafa a ranar, da ainihin samfurin da za ka saya, gama jerin ya kan sake. Na biyu, ku yi magana da abokin cinikinka ku tsai da hanya ɗaya kafin a aika, matambayi ba ya ɓata. Na uku, karanta adireshin a fuskar na'urar kanta, kada ka dogara ga abin da waya ta nuna. Na huɗu, fara aika kaɗan, in ya isa lafiya sa'an nan ka aika sauran.

Mai dukiya in ya yi hasarar dala dubu, gobe ya manta. Talaka kuwa jarinsa ke nan, da kuɗin adashin matarsa, da bashin da ya ci don ya cika kaya. Ku kai maganar nan ga waɗanda ba su sami zuwa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.