Tabki daga gulbi yake sha

 

A taron da ya wuce wani dattijo ya tambaye mu: wai kowane gulbi teku yake zuwa, ko akwai mai ƙarewa cikin tabki? Amsa ita ce, akwai, kuma a nan ƙasarmu ma.

Gulbin Isa, wanda ya ratsa Yamai, shi kam teku yake faɗawa, can kudancin Nijeriya. Amma Kumadugu, da ke raba jihar Difa da Nijeriya, cikin tabkin Cadi yake zuba, wajen Boso. Shi kuma ruwansa daga gulaben Haɗejiya da Jama'are yake tasowa. Babban mai ciyar da tabkin shi ne gulbin Shari, daga kudu: wajen kashi 90 cikin ɗari na ruwan da gulabe ke kawo mishi, nashi ne. Tabkin ba shi da mafita zuwa teku. Rana ta sha wani, ƙasa ta tsotse wani.

To, ku duba abin da ya faru. A 1963 faɗin tabkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25.000. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, Shari ya rage, ɓangaren tabkin da ke wajenmu ya ƙafe. An kuma gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 bisa ruwan da ke gangarowa Kumadugu. Shanun Kuri masu manyan ƙahonni sun sha wuya ƙwarai. Daga baya ruwa ya ɗan komo, amma bai kai na da ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Kar ku ce Cadi da nisa. Tabkin Madarumfa da na Tabalak, har ɗan tabkin bayan garinku, duk haka suke: abin da gulbi ko ƙorama ta kawo da damina, shi bisashe za su sha da rani. In an sare itacen bakin ƙorama, ruwa ya zaizaye gaɓa, yashi ne zai shigo. Tabki ya cike, ya rasa zurfi, ya ƙafe tun bazara ba ta kama ba. Sai jan guga da wahala.

Saboda haka:

Ku bar itacen gaɓa, ku ƙara shuka wasu.

Kar a tare bakin ƙorama da gona ko shinge.

A keɓe mashaya guda, kar garke ya tattake gaɓa duka.

Manoma ku bar burtali a buɗe har bakin ruwa.

In kun ga yashi na cin tabki, ku shaida wa mai gari da ma'aikatan kiwo tun da wuri, a haɗu a jera duwatsu cikin ƙoramar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye garke.