Ƙasa Kafin Kallo: Tsarin Filin Ƙwallon Lambu na Bakin Tafkin Lomond

Mai wannan lacca ya daɗe yana jayayya da wasu abokan aikinsa a kan ma'aunin da ake auna nagartar filin ƙwallon lambu, wato wasan golf, idan an gina shi a bakin ruwa, domin su tsawon fili da kyawun hoto suke dubawa, shi kuwa yana ganin abin da ke ƙarƙashin ciyawa ne yake yanke hukunci a kan ko filin zai bugu ko ba zai bugu ba. Misalin da zai kafa hujja da shi shi ne filin ƙungiyar Loch Lomond da ke kusa da ƙauyen Luss a yammacin Sikotilan, wanda Amurkawa biyu, Tom Weiskopf da Jay Morrish, suka zana, aka buɗe shi a 1993 a tsohon gandun zuriyar Colquhoun, aka kuma mayar da gidansu na Rossdhu, ginin ƙarni na 18, ya zama mazaunin ƙungiyar. Fili ne na 'yan ƙungiya da baƙinsu kaɗai, yana da ramuka 18, ƙa'idar bugunsa 71, ma'ana yawan bugun da ake sa ran gwani zai kammala zagaye da shi, tsawonsa kuma ya ɗan haura yadi 7,000.

Babu mai musun cewa zanen ya yi kyau, kuma ba za a ɓata lokaci a kan abin da kowa ya yarda da shi ba. Rami na 6 yana bin gaɓar tafkin tsawon fiye da yadi 600, na 17 ana buga shi ne ta saman wani lungun ruwa, na 18 kuwa yana ƙarewa a gindin kangon tsohuwar fadar Rossdhu. Abin yabo a nan shi ne masu zanen ba su jera ramuka duka a bakin ruwa ba, sun shigar da mai wasa cikin daji da fadama sannan suka dawo da shi gaɓa, don haka tafkin bai gundure shi ba. Mafi cancantar nazari shi ne rami na 14, gajere mai ƙa'idar bugu huɗu, wanda bai kai yadi 350 ba, inda fadama ta raba hanya biyu: mai ƙarfin hannu yana iya nufar farfajiyar rami kai tsaye ya ɗauki kasadar nutsar da ƙwallonsa, mai taka-tsantsan kuma yana da busasshiyar hanya a gefe wadda za ta kai shi da bugu biyu. Irin wannan shi masana suke kira tsarin dabara, wanda ke ba kowane mai wasa zaɓi gwargwadon iyawarsa, saɓanin tsarin horo da ke buɗe hanya ɗaya tak ya hukunta duk wanda ya kauce mata. Weiskopf, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya a 1973, ya shahara da saka irin wannan rami a filayen da ya zana.

Duk wannan zaɓi da aka zana a takarda ba ya aiki sai ƙasa ta yarda, kuma a nan ne jayayyar take. Manomi ya san bambancin jigawa da fadama ba tare da an karanta masa ba: jigawa tana shanye ruwa kafin rana ta faɗi, fadama kuwa tana riƙe shi har ta gaji. Wasan ya girma ne a kan jigawar bakin teku ta gabashin Sikotilan, irin ta St Andrews, inda ruwan sama na shekara ba ya kai mita ɗaya kuma yashi ke tsotse shi nan take. Rossdhu kuwa yana yamma, inda ruwan shekara yake kusantar mita biyu, ƙasarsa laka ce da ruɓaɓɓen ganye na dubban shekaru wanda ke shan ruwa kamar soso, ga tuddai a bayansa suna kwararo nasu ruwan zuwa tafki ta cikin filin. Shi kansa Weiskopf ya taɓa nutsewa a taɓon wajen rami na 14 lokacin ginin, da ƙyar ya tsira, kuma wannan ya isa ya nuna irin ƙasar da aka ɗora wa ciyawa. Fili na bakin tafki yana da wata matsalar da na kan tudu ba shi da ita, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa da sama, kuma magudana ba ta iya zubar da ruwa ƙasa da matakin tafkin, don haka idan tafki ya cika, bututun da aka binne sai ya rasa inda zai kai kayansa.

Abin da abokan aiki suka kasa lura da shi shi ne jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta raba wahala daidai tsakanin masu wasa. Gwani yana aika ƙwallonsa ta sama ne, ta sauka inda ya nufa, kuma laushin farfajiya alheri ne gare shi tunda ƙwallon tana tsayawa inda ta faɗi, shi ya sa Tom Lehman ya ci gasar gwanaye da aka yi a wannan fili a 1997 da bugu 19 ƙasa da ƙa'ida. Dattijo ko matsakaicin ɗan wasa kuwa rabin dabararsa gangarawar ƙwallo ce a ƙasa, wadda ke ƙara masa nisa kuma ta ba shi damar shiga farfajiya ta ƙofar da aka bari tsakanin kwarurrukan yashi, to idan ƙwallon ta faɗi ta lafe cikin taɓo, ramin da aka zana masa ya kai da bugu biyu sai ya koma na uku, busasshiyar hanyar da aka tanadar masa a rami na 14 kuma ta rasa amfaninta. Da haka ruwa yake mayar da tsarin dabara ya zama tsarin horo ba tare da an taɓa zanen ba, kuma wanda horon ke faɗa wa shi ne ɗan ƙungiyar da kuɗinsa ke riƙe da filin duk shekara, alhali a shekarun da ake gasa a filin gwanayen mako guda kawai suke zuwa. Ko su gwanayen ba su tsira ba, domin a gasar kofin Solheim ta Oktoban 2000, wadda matan Turai suka ci na Amurka da maki 14½ da 11½, ruwa ya kwanta a filin har aka dakatar da wasan Asabar aka ƙarasa shi ran Lahadi.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da 'yan ƙungiyar suka yi da kansu bayan filin ya koma hannunsu a 2011. Daga ƙarshen shekarun 2010, hunturu bayan hunturu, sun ɗaye ciyawar hanyoyin bugu, sun binne sababbin magudanai, sun shimfiɗa dubban tan na yashi sannan suka mayar da ciyawa a kai, wato sun ƙera jigawa a saman fadama. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1960 hukumar wasan ta Amurka ta fitar da ƙa'idar gina farfajiya da cakuɗen yashi mai kaurin kusan santimita 30 a kan tsakuwa, sai dai an daɗe ana ganin farfajiya kaɗai ta cancanci wannan hidima. Aikin da ya kamata a yi kafin a shuka ciyawa ta farko an yi shi ne bayan shekara 25, da rufe ramuka da ƙarin kuɗi.

Masu ja suna cewa gasar Scottish Open, wadda ta bar Loch Lomond bayan 2010, ta koma Castle Stuart a bakin teku a 2011 kuma a can ma ruwa ya sa aka rage ta zuwa ramuka 54. Wannan gaskiya ne, amma ambaliyar kwana ɗaya daban take da ƙasar da ba ta bushewa wata da watanni. Wasu kuma suna cewa kallon tafki shi ke jawo 'yan ƙungiya, kuma hakan na iya jawo su sau ɗaya, sai dai wanda takalminsa ke cika da taɓo ba ya sabunta rajista don kallo.

Shawarar mai wannan lacca ba ta sauya ba. Kada hukumar tsara ƙasa ta karɓi zanen ramuka sai an gabatar mata da binciken ƙasa da ma'aunin hawa da saukar tafki na shekara cikakkiya, kuma a ware kuɗin magudana da yashi kafin a ware na gyaran gidan ƙungiya. Kada a tilasta wa mai wasa tsallake ruwa daga mafarin bugu na gaba, wanda aka tanadar wa masu ƙaramin ƙarfi, a bar masa hanya ta tudu ko da za ta ci masa ƙarin bugu. Tunda kuma yashi yana saurin wucewa da taki zuwa magudana, kuma tafkin Lomond yana cikin gandun ƙasa da aka kafa a 2002, daga cikinsa ake ɗibar ruwan sha na garuruwa, wajibi ne a bar zirin ciyawar daji da ba a yanka ba kuma ba a zuba mata taki ba tsakanin fili da gaɓa, a kuma bi da kowace magudana ta kududdufin tacewa kafin ruwanta ya shiga tafki, a riƙa auna shi sau biyu a shekara a kan kuɗin ƙungiyar.