Shirin Tarihi: Daga Notting Hill Zuwa Dutsen Kagoro



A 1948 jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Karibiyan a Ingila, yawancinsu 'yan Jamaika, sun zo neman abin kai wa bakin salati. Ba a yi musu tarbar arziki ba. A 1958 samarin Turawa suka far wa baƙaƙen fata a unguwar Notting Hill ta Landan. Sai wata 'yar jarida haifaffiyar Tirinidad, Claudia Jones, ta ga cewa maganin wulaƙanci shi ne mutane su fito da abin gidansu. A Janairun 1959 ta shirya bikin kanibal cikin zauren St Pancras, don sanyin Landan ba ya barin rawa a titi.

A Tirinidad ana yin kanibal ne gab da azumin Kirista, cikin Fabrairu ko Maris. Amma da bikin ya fito titin Notting Hill a 1966, lokacin zafi aka zaɓa, daga baya ya zauna a hutun ƙarshen Agusta. Baƙo ai ba ya biki sai ranar da aiki ya sake shi.

To, mu dawo gida. Wanda ya taɓa kwana a Kafanchan daren sabuwar shekara ya san yadda motoci ke tururuwa zuwa Kagoro. Bikin Afan ke nan. Asalinsa na manoma ne da maharba: an gama girbi, a tsarkake dutse, a buɗe farauta. A zamanin Sarkin Kagoro Gwamna Awan, wanda ya hau gadon sarauta a 1945 ya rasu a 2008, bikin ya tsaya a 1 ga Janairu.

A ganina wannan ranar ce ta raya shi. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya ratsa Kafanchan wajajen 1927, ga kuma makarantun mishan, 'ya'yan yankin suka bazu Kaduna, Jos da Legas, sojoji da malamai da ma'aikatan reluwe. Ranar hutu ce kawai za ta haɗa su. Haka Tuk Ham na mutanen Ham a Kwoi, wanda ake yi wajen hutun Ista.

Mutumin Tirinidad teku ta raba shi da gida, dole ya ɗauki bikinsa ya tafi da shi. Ɗan Kagoro kuwa kuɗin mota kawai yake nema, ya kawo yaransa da aka haifa a Legas su ga maharba na saukowa daga dutse, su ji harshen kakanninsu a filin fada.