Amsar Wasiƙunku: Wane Buhu Ya Dace da Ɗauko Gada?

Wasiƙarmu ta yau ta fito daga wani manomi a ƙasar Ningi, wanda kan taɓa farauta da rani. Ya ce ya harbi gada da hantsi, ya cusa ta a buhun taki, kafin ya iso gida da la'asar nama ya soma wari. Yana tambaya, ina aka kuskure?

To Malam, laifin buhun ne. Buhun taki ɗan leda ne, ba ya shan iska sosai, sai zafin jikin dabbar ya tsaya a ciki, nama ya ɓaci. Ga kuma ragowar taki da zai bi naman har tukunyar iyalinka.

Ka nemi buhun algarara wankakke, irin na zuba gyaɗa. Babbar gada takan kai kilo 20, saboda haka ka duba ɗinkin gindinsa, ka sa masa igiya mai ƙwari ta ratayawa. Da ka yanka, ka farke cikin ka fitar da hanji, ka bar ta ta huce a inuwa, sannan ka saka.

Sai babban gargaɗi: kada ka bar kan gadar ya leƙo waje. Wani maharbin zai iya hango ƙaho yana motsi a duhuwa ya saki wuta, alhali kai ne ke ɗauke da ita. Ka ɗaure bakin buhun da jan ƙyalle.

A kuma tuna, doka ta hana farauta a gandun dajin Yankari da na Lame-Burra.

Allah ya tsare. Sai mako mai zuwa.