Waya Ma Rumfa Ce



Mu da muka taso cikin fataucin goro a nan Sabon Shagamu, mun ga zamanin da direban babbar mota ke kai mana wasiƙa Kano, mu yi mako muna jiran amsa. Wayar salula ta shigo a 2001, yau ga shi daga tsakar gida muke tallan goro da atamfa a WhatsApp da Facebook. Alhamdu lillahi. To amma fa wayar nan, rumfa ce, kuma dandali ce.

Bara mun ɗora huhun goro biyu a mota saboda an turo mana hoton shaidar biya. Hankalinmu na can kan wani bidiyon barkwanci, ba mu duba asusu ba. Har yau kuɗin nan ba su shigo ba. Da ma Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Saboda haka, jama'a, mu yanka wa ciniki lokaci, ko da daga hantsi zuwa Azahar ne, mu kashe ƙarar zaurukan hira. Duk abin da aka saya mu rubuta a littafi. Kada kaya su fita sai mun ga kuɗi a asusu da idonmu. Matanmu masu sana'a a ɗaki kuwa, mu rage kiransu a wannan lokaci, su ma a kasuwa suke.

Allah Ya sa albarka a nemanmu. Wassalam.